Tsohon Injin Huda Ƙarfe a Ɗakin Aikin Gida: Abin Dubawa Kafin Saye da Bayan Saye

Masana tarihin Kano sun ruwaito cewa Abagayawa, maƙeran da suka zauna a gindin Dutsen Dala domin neman tama, daga Gaya suka taso. Har yau duk wanda ya zaga Gaya da Ajingi zai tarar da maƙera da kafintoci da masu walda suna gyara garma da amalanke da ƙyauren ƙarfe, kuma kusan kowane ɗayan waɗannan ayyuka yana bukatar huji madaidaici. A nan ne injin huda na tsaye yake da rana, wato wanda aka kafa bisa ginshiƙi, mai faranti na ɗora aiki da hannu na sauko da tsinken huji.

Ni malamin ilmin halittu ne, bukata ce ta kai ni ga wannan inji. Ina harhaɗa akwatunan adana ƙwari da matsen busar da ganyaye domin ɗalibai, kuma injin hannu yakan kauce ya ɓata katako. Na sayi wani tsohon inji ƙirar Ingila a Kano na kai shi gida Gaya, ya kuma koya mini darussan da nake so in ba mai karatu a sauƙaƙe.

Me ya sa tsoho?

Yawancin injinan da kamfanoni irin su Fobco da Meddings na Ingila, ko Delta na Amurka, suka ƙera a tsakiyar ƙarni na 20 an yi jikinsu da ƙarfen zubi mai kauri. Irin wannan ƙarfe yana ɗauke da sinadarin kabon kimanin kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari, kuma ɓarɓashin kabon ɗin da ke cikinsa yana shanye girgiza. Idan girgiza ta ragu, huji yakan fita sumul, tsinke kuma ya daɗe bai dakushe ba. Bugu da ƙari, tsarinsu ba shi da sarƙaƙiya: moto ne da bel da fuli da boris, waɗanda ake iya samun madadinsu a kasuwa irin ta Ƙofar Ruwa. Tsinken huji mai murɗe da Stephen Morse ya yi wa rajista a Amurka a 1863, da mariƙin tsinke mai makulli na Arthur Jacobs na 1902, su ne ake amfani da irinsu har yanzu, don haka sabon tsinke yana shiga tsohon inji.

Kafin a biya kuɗi

Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama. Abu na farko da za a duba shi ne sandar da ke juya tsinke, wadda za mu kira mazari. A sauko da shi har ƙarshe, a kama a jijjiga hagu da dama. In yana ƙwas-ƙwas, ko dai boris ya ci, wanda gyaransa mai sauƙi ne, ko kuma ramin da mazarin ke zirga-zirga a ciki ya buɗe, wanda gyaransa kan fi kuɗin injin. Sa'an nan a ɗaura miƙaƙƙen ƙarfe a mariƙi, a kafa alli kusa da shi, a juya da hannu. Idan allin ya taɓa gefe ɗaya kaɗai, akwai lanƙwasa. A duba jikin injin ko akwai tsaga, domin ƙarfen zubi yana da wuyar walda, kuma sabon fenti yakan ɓoye aibi. Tsatsar da ke bisa faranti ba abin tsoro ba ce, sanfefa da mai suna fitar da ita.

Abu na biyu shi ne ɗan allon da ke manne a jikin moto. Wutar gidajenmu bolt 230 ce, mai kai-komo sau 50 a daƙiƙa. Injin da aka yi wa gidajen Amurka na bolt 110 zuwa 120 ne, mai kai-komo 60. In aka jona shi kai tsaye zai ƙone, in kuma aka bi da shi ta taransifoma gudunsa zai ragu da kashi ɗaya cikin shida. Da yawa daga injinan da suka fito daga masana'antu da makarantun koyon sana'a wuta mai layi uku suke ci, wadda ba kowane gida ke da ita ba. Nawa irin wannan ne, mai sayarwa bai faɗa mini ba, ni ma ban karanta allon ba, sai da na ƙara kuɗi na sauya moto. A kuma tuna cewa moto mai rabin ƙarfin doki, wato kimanin wat 370, yana zuƙar wuta ninki biyar ko fiye a lokacin tashi, shi ya sa ƙaramin janareta kan shaƙe.

Gudu da zafi

Kuskuren da aka fi yi shi ne barin bel a wuri ɗaya ga kowane aiki. Ƙa'idar ita ce, gwargwadon kaurin tsinke, gwargwadon rage gudu, domin gefen tsinke mai kauri yana cin tazara mai yawa a kowane juyi, gogayya kuma tana haifar da zafi. Alal misali, a kan ƙarfen da masu walda ke aiki da shi, tsinke mai milimita 6 yana son juyi kimanin 1,300 a minti, mai milimita 12 kuwa kimanin 650. Lissafin fuli mai sauƙi ne: moto mai juyi 1,420 da fuli na santimita 5, in ya ja fuli na santimita 10, mazari zai yi juyi 710. A riƙa ɗiga mai a bakin huji. In bakin tsinke ya yi shuɗi, zafi ya yi yawa.

Jikin ɗan'adam ba shi da safaya

Wata ranar Asabar ina huda ɗan faifan ƙarfe, na danne shi da hannu. Da tsinken ya kusa ɓullewa sai ya cafke faifan ya wulwula shi kamar lauje, ya tsaga mini bayan babban yatsa. Jijiyoyin da ke miƙe yatsu a ƙarƙashin fata suke kwance a bayan hannu, babu naman da ya kare su. Allah ya kiyaye, ɗinki kawai aka yi. Tun daga ranar ba na huda komai sai na matse shi a bayis, na ɗaure bayis ɗin a faranti.

Hannun babbar riga, da rawani, da carbi, da safar hannu duk mazari yana iya naɗe su kafin a kai ga makunni. A sa gajeren hannu, a cire makullin mariƙi kafin a kunna. A sa gilashin kare ido, domin ɓarɓashin ƙarfe in ya maƙale a baƙin ido yakan bar zoben tsatsa cikin 'yan sa'o'i. Game da cutar tetanus mai sarƙe haƙora kuwa, ba tsatsa ce ke kawo ta ba, ƙwayar cuta ce da ke zaune a ƙasa da kashin dabbobi, kuma ɗakin aikin da ke daura da turken awaki bai rasa ta. Duk rauni mai zurfi a wanke shi a je asibiti domin allurar rigakafi. Har ila yau, a sauya tsofaffin wayoyin da robarsu ta bushe, a haɗa jikin injin da wayar ƙasa, a kuma sa kwaɗo a ƙofa saboda yara.

Kammalawa

Da hunturu a rufe injin da tsumma don ƙura, da damina a shafe ginshiƙi da faranti da mai don tsatsa. Wanda ya duba mazari da allon moto kafin ciniki, ya daidaita gudu, ya kuma ɗaure aikinsa a bayis, zai mori injin da ya girme shi, har ya bar wa 'ya'yansa shi yana aiki.