Layyar yara da bushewar gawa a daular Inka

1. Gabatarwa

Daular Inka ta bunƙasa a tsaunukan Andes na Amurka ta Kudu tun daga wajen shekara ta 1438, har zuwa 1532 lokacin da Sipaniyawa suka kama sarki Atahualpa. Babban birninta shi ne Kusko, a ƙasar Peru ta yau. Mutanen Inka ba su bar rubutu irin namu ba, saboda haka abin da aka fara sani game da addininsu ya fito ne daga alƙalamin limaman Kirista waɗanda suka zo kawar da shi. Wannan ƴar maƙala za ta duba wata shaida ta biyu, wato gawarwakin yaran da aka yi layya da su, da abin da suka ƙara a kan waɗancan rubuce-rubuce.

2. Al'adar kapakoca

Kapakoca shi ne sunan bikin. Akan yi shi idan sarki ya mutu ko an naɗa sabo, ko kuwa idan fari ko girgizar ƙasa ta afka wa jama'a. Lardunan daula su ke ba da yara lafiyayyu marasa tabo a jiki. Sai a kai su Kusko a yi musu shagali, sa'annan a tafi da su wuraren bauta, har da ƙwanƙolin duwatsu masu nisa.

Abin lura a nan shi ne, ibada da siyasa a haɗe suke. Wani limami mai suna Hernández Príncipe ya rubuta a wajen 1622 labarin wata yarinya, Tanta Carhua, wadda mahaifinta ya ba da, aka saka masa da sarautar yankinsa. Ke nan ta wannan hanya Kusko take ɗaure talakawan nesa da gadon sarauta, kuma kowane dutse da aka binne yaro a kansa ya zama shaidar ikon sarki.

3. Yadda gawarwakin suka tsira

Ba a yi wa waɗannan gawarwaki irin aikin da Misirawa suke yi ba na cire kayan ciki da shafa magani. Wurin da kansa ne ya adana su. Ruɓewa tana bukatar ɗumi da laima, a can sama kuwa akwai tsananin sanyi da busasshiyar iska, ga tokar aman wuta da ta lulluɓe kaburburan.

An gano irin waɗannan gawarwaki a dutsen El Plomo na Cile a 1954, da Ampato na Peru a 1995. Amma mafi kyawun misali shi ne na 1999, lokacin da Johan Reinhard da Constanza Ceruti suka tono yara uku a kan dutsen Llullaillaco, mai tsawon metir 6739, a iyakar Arjantina da Cile: wata budurwa mai shekara 13 zuwa 15, da ƙaramin yaro, da ƙaramar yarinya wadda tsawa ta faɗa wa bayan an binne ta. Bayan shekaru wajen 500, an iske kayan cikinsu lafiya, har da jini a zuciya.

4. Abin da gashi ya faɗa

Gashin mutum yana tsiro kamar santimetir ɗaya a wata, kuma yana riƙe alamar abin da aka ci. Binciken da aka buga a 2007 ya nuna cewa budurwar ta tashi da cimar talaka, galibi dankali, sai kimanin shekara guda kafin rasuwarta abincinta ya koma masara da naman lama, wata dabba dangin raƙumi. Wani bincike na 2013 ya nuna cewa a wannan shekara ta yi ta tauna ganyen koka, kuma a makonnin ƙarshe an yawaita ba ta giyar masara. An same ta a zaune, kai a sunkuye, da ganyen koka a baki, ba alamar duka a jikinta. Yarinyar Ampato kuwa bugu a kai ne ya kashe ta.

5. Kammalawa

Gawarwakin sun tabbatar da ginshiƙin abin da Sipaniyawa suka rubuta, sun kuma nuna cewa an shirya mutuwar tun da daɗewa, wata bayan wata, da dukiyar hukuma. Yaran Llullaillaco suna gidan tarihi na birnin Salta, inda tun 2007 ake nuna su ɗaya bayan ɗaya cikin akwatin sanyi. Wasu ƙungiyoyin ƴan asalin yankin sun ƙi yarda da haka, suna cewa waɗannan kakanninsu ne, kamata ya yi a bar su inda aka binne su. Masu binciken kayan tarihi a ko'ina suna fuskantar wannan tambaya duk lokacin da suka buɗe kabari.