Horon lafiya da tsaro ga masu renon yara: Abin da dokokin Amurka da Ingila suka shimfiɗa

Idan loma ta tsaya wa jariri a maƙogwaro ta toshe masa numfashi, ƙwaƙwalwarsa kan fara samun illa cikin kimanin minti huɗu. Da wuya likita ko motar asibiti su iso cikin wannan ɗan lokaci, don haka ran yaron yana hannun wanda ke tsaye kusa da shi. A gidan reno kuwa, wannan mutum shi ne mai renon. Wannan ne ya sa wasu ƙasashe suka daina ɗaukar reno a matsayin aikin da son yara kaɗai ya isar masa, suka mai da horo sharaɗi na doka.

A Amurka, babban sauyin ya zo ne a watan Nuwamban 2014, lokacin da Shugaba Barack Obama ya sanya hannu kan sabunta dokar tallafin renon yara wadda aka fara kafawa a 1990. A ƙarƙashinta ne gwamnatin tarayya ke bai wa jihohi kuɗi domin taimaka wa iyaye masu ƙaramin ƙarfi su biya kuɗin reno. Sabuwar dokar ta ce duk jihar da ke karɓar kuɗin sai ta tabbatar da cewa masu renon da ake biya daga cikinsa sun samu horo a wasu fannoni da aka ambata da suna. Ƙa'idojin aiwatarwa da suka biyo baya a 2016 sun ƙayyade cewa a kammala horon farko kafin kama aiki ko cikin wata uku da farawa, sannan a riƙa ƙara ilimi kowace shekara.

Fannin da ya fi ɗaukar hankali shi ne yadda ake kwantar da jariri. Akwai mutuwar fuju'a da kan afka wa jarirai 'yan ƙasa da shekara ɗaya a cikin barci, ba tare da wata rashin lafiya da aka gani ba. A 1992 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar a daina kwantar da jarirai rubda-ciki, a 1994 kuma aka ƙaddamar da gangamin kwantar da su rigingine. Cikin shekarun da suka biyo, yawan irin wannan mutuwa ya ragu da kusan rabi. Saboda haka ake koya wa mai reno ya kwantar da jariri a kan bayansa, a katifa mai ƙarfi, ba matashi, ba bargo mai kauri, ba 'yar tsana a gadon. Abin lura shi ne, haɗarin ya fi yawa ga jaririn da ya saba kwanciyar rigingine a gida sai wani ya kife shi a wurin reno. Kyakkyawar niyya ba ta hana wannan kuskure, domin da yawa suna ganin jariri ya fi yin barci mai nauyi a kife.

Na biyu shi ne jijjiga jariri. Mai renon da kukan yaro ya gundura yana iya girgiza shi da ƙarfi na 'yan daƙiƙoƙi, alhali wuyan jariri bai yi ƙwarin ɗaukar nauyin kansa ba. Hakan na iya jawo zubar jini a cikin kai, makanta, nakasa ko mutuwa. Horon yana koyar da abu mai sauƙi: a ajiye yaron a gadonsa, a ja da baya, a nemi wani ya karɓa.

Sauran fannonin sun haɗa da hana yaɗuwar cututtuka da kula da rigakafi, ba da magani bisa izinin iyaye, gane alamun abincin da jikin yaro ba ya jituwa da shi kamar gyaɗa ko ƙwai, adana sinadarai masu guba, shirin gobara da sauran bala'o'i, taimakon gaggawa da dabarar farfaɗo da numfashi da bugun zuciya, da kuma gane alamun cin zarafin yaro da kai rahoto. Har jigilar yara a mota tana ciki, saboda an sha mance yaro a kujerar baya zafi ya halaka shi. Dokar ta kuma tanadi binciken tarihin ma'aikata, da ziyarar ba-zata ta jami'ai aƙalla sau ɗaya a shekara ga gidajen reno masu lasisi.

Sai dai tsarin yana da giɓi. Jihohi ne ke yanke yawan sa'o'in horo, don haka abin da ake nema a wata jiha ya sha bamban da na maƙwabciyarta. An kuma ba su damar ɗauke wa dangi na kusa, kamar kaka ko goggo, waɗannan sharuɗɗa.

Ingila ta fi tsanantawa a kan taimakon gaggawa. Ƙa'idarta ita ce, muddin akwai yara a gidan reno, dole a samu aƙalla mutum ɗaya mai takardar shaidar taimakon gaggawa na yara, haka nan idan za a fita da su. Bayan mutuwar wata jaririya 'yar wata tara da abinci ya shaƙe a gidan reno a 2012, iyayenta sun yi fafutuka har aka ƙara sharaɗi a 2016: sabbin ma'aikata masu takardar ƙwarewa sai sun samu wannan shaida kafin a ƙirga su cikin adadin ma'aikatan da doka ta wajabta. Cikakken kwas ɗin na sa'a 12 ne, kuma ana sabunta shaidar duk bayan shekara uku, domin hannu kan manta abin da bai saba yi ba.

A Najeriya, inda gidajen reno ke ƙaruwa a Abuja, Legas, Kano da Kaduna saboda iyaye mata masu fita aiki, Dokar 'Yancin Yara ta 2003 ta yi tanadin rajistar masu reno da gidajen kula da ƙananan yara. Amma dokar kan fara aiki a jiha ne bayan majalisar jihar ta amince da ita, sa ido a kan gidajen kuma ya rataya ne a wuyan hukumomin jihohi.