Addu'ar Binciken Kai a Lokacin Azumin Kirista: Sokode da Dapaong

Idan Bahaushe ya ji kalmar "azumi", abin da yake fara zuwa masa a rai shi ne barin ci da sha daga ketowar alfijir zuwa faɗuwar rana. Saboda haka Musulmin da ya ga maƙwabcinsa Kirista yana shan ruwa da tsakar rana, alhali ya ce yana azumi, yakan yi mamaki. Kalmar ɗaya ce, amma ma'anarta ta bambanta. A wajen 'yan ɗarikar Katolika, babban aikin wannan lokaci shi ne tuba da addu'a, rage abinci kuwa taimako ne kawai.

Garin Sokode yana tsakiyar ƙasar Togo. Gari ne na Kotokoli, waɗanda ake kira Tem, kuma galibin mutanensa Musulmi ne. Akwai Hausawa a zango tun zamanin fataken goro. Kiristoci su ne marasa rinjaye, ko da yake garin ya sami bishop nasa tun 1955. Dapaong kuma tana can arewa, kusa da iyakar Burkina Faso, a ƙasar Moba da Gurma, ita ma ta zama mazaunin bishop a 1965. A duk garuruwan biyu, da Faransanci ake kiran azumin, wato Carême.

Azumin yana farawa ran Larabar Toka. A ranar, fada yakan shafa wa kowa toka a goshi don ya tuna cewa ƙasa ce makomarsa. Daga nan zuwa Ista kwana 46 ne, amma ba a ƙidaya Lahadi shida da ke ciki, shi ya sa ake cewa kwana 40, daidai da kwanakin da Linjila ta ce Yesu ya yi a jeji. Rana biyu kaɗai aka wajabta rage abinci, Larabar Toka da Juma'ar da ake tunawa da gicciye Yesu. Sauran Juma'o'in nama kawai ake bari. Ruwa ba a hana shi ba, abin da ba ƙaramin sauƙi ba ne, domin azumin yakan faɗo tsakanin Fabrairu da Afrilu, lokacin da zafin bazara ke ƙuna a arewacin Togo.

To, me ake yi a sauran kwanakin? Ɗaya daga cikin hanyoyin da coci ke koyarwa ita ce addu'ar binciken kai, wadda Ignatiyus na Loyola, mutumin Sifen da ya rasu a 1556, ya tsara. Ba ta bukatar littafi ko limami, kuma ba ta wuce kamar minti 15. Mutum yakan nemi wuri shiru, yawanci da dare kafin ya kwanta. Da farko sai ya gode wa Allah saboda alherin da ya samu a ranar, kome ƙanƙantarsa. Sai ya roƙi haske don ya ga kansa yadda yake. Sannan ya bi yininsa daki-daki, tun daga tashinsa da safe: wa ya sadu da shi, me ya faɗa, me ya yi, me ya ƙi yi. Mai sayar da dawa a kasuwa za ta tambayi kanta ko ta tauye mudu. Malamin makaranta zai tuna ko ya wulaƙanta wani yaro. Bayan haka sai neman gafara, da ɗaura niyyar gyara abu guda gobe.

Abin lura shi ne da godiya ake farawa, ba da lissafin zunubi ba. Wannan tsari yana da hikima, domin wanda ya fara da laifinsa yakan karaya tun kafin ya kai ƙarshe. Ɗalibi kuma ya lura cewa wannan "addu'a" ce, ba "salla" ba, don ba ta da raka'a ko alƙibla.

A shekarar 2025 azumin biyu sun haɗu. Ramadan ya kama a farkon Maris, Larabar Toka ta zo ran 5 ga watan, aka yi Ista ran 20 ga Afrilu. A gari kamar Sokode, wannan yana nufin gida biyu masu katanga ɗaya suna ibada a lokaci guda, kowa da tasa hanya.

A Dapaong kuwa addu'ar ta ƙara nauyi. A watan Nuwamba 2021 'yan bindiga suka fara kai hare-hare a yankin daga iyakar Burkina Faso, a Yuni 2022 kuma gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a can. Mutane da yawa sun bar ƙauyukansu. Ga wanda ya rasa gona ko ɗan'uwa, tambayar da ta fi wuya da dare ita ce ko ya bar tsoro ya sa shi zargin maƙwabcin da bai yi masa kome ba.