Alli da Hauya: Wanne Ya Fi Cin Rai a Ƙasar Kurfai?

A ƙasar Kurfai, in yaro ya samu aikin koyarwa, barkar da mata ke yi wa uwarsa ita ce, "Ɗanki ya huta." Nufinsu ya rabu da hauya, zai zauna a inuwa, wata ya ƙare a miƙa masa kuɗi ko an yi ruwa ko ba a yi ba. Shekara biyu ko uku da tura shi wata makarantar ƙauye a kan hanyar Abala, sai ya dawo hutu Filinge yana kukan ciwon kai, barci ya ƙaurace masa, magana kaɗan ta harzuƙa shi. Kawunsa, wanda tafin hannunsa ya yi kanta saboda ƙota, sai ya dube shi ya ce, "Mushe, me ka ɗauka har ka gaji? Alli?" Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, ba za ka gane ba." A nan zancen yakan tsaya, alhali tambayar kawu ta cancanci amsa.

In nauyin abin da ke kan mutum za a auna, manomi ne a gaba, kuma da nisa. Filinge na cikin kwarin Dallol Boso, kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai, inda ruwan shekara yake wajen milimita 400, wata shekarar ƙasa da haka sosai, kuma duk cikin wata uku yake sauka. Mutum ya yi binne a busasshen rairayi, a yi yayyafin da zai tsirar da hatsi, sannan sama ta ɗauke mako uku. Shuka ta ƙone. Ya sake, da irin da ya ranto. Kowace la'asar idonsa na gabas yana karanta hadari. Lokacin da noma ya fi tsanani kuwa, cikin Yuli da Agusta, shi ne lokacin da rumbu ya yi ƙasa, mudun hatsi ya yi tsada a kasuwa, ana fita gona da furar da ruwanta ya fi garinta yawa. Dattawa na tune da farin 1973 da na 1984, matasa sun ga farar 2004 da yunwar da ta biyo baya a 2005. Abin da manomi ke tsoron rasawa abincin gidansa ne na shekara guda.

Kayan malami ba ya ganuwa, shi ya sa ake raina shi. Tun ƙarshen shekarun 1990 Nijar ta koma ɗaukar malamai da kwantiragi domin ta buɗe makarantu da yawa da kuɗi kaɗan, har ƴan kwantiragi suka fi cikakkun ma'aikata yawa a firamare. Kuɗin da suke karɓa bai kai albashin abokin aikinsu da ke ajin kusa ba, ga shi jinkirin biyansa ya sha jawo yajin aiki shekara da shekaru. A Yulin 2017, zamanin minista Daouda Mamadou Marthé, aka yi musu jarrabawa a ƙasa baki ɗaya. Kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka samu rabin maki, dubbai suka rasa aikinsu. Ko me mutum zai ce game da dacewar jarrabawar (ni ina ganin yara sun cancanci malamin da ya iya abin da yake koyarwa), waɗanda suka tsira sun fahimci cewa takarda ɗaya daga Yamai ta isa ta raba su da abincinsu.

A leƙa ajin nasa cikin Afrilu. Rumfar kara ce, zafi ya haura digiri 40, yara sun cika tabarmi, littafi ɗaya hannu huɗu. Yana koyarwa da Faransanci ga yaran da Hausa ko Zabarmanci ko Buzanci suka sani. Wayarsa na aljihu tana kaɗawa: ƙanwarsa ce, an rubuta wa tsohuwa magani. Da yamma in zai wuce shagon da yake cin bashi, sai ya canza hanya, don mai shagon ya riga ya buɗe masa shafi na biyu a littafi. Dangi kuwa ma'aikaci suka sani. Ba mai yarda cewa ma'aikaci ba shi da jika biyu.

Jikin ɗan Adam hanya ɗaya yake amsa barazana, ko ta fari ce ko ta sufeton makarantu. Wasu ƴan ƙullutai da ke bisa ƙoda suna sako sinadaran adirenalin da kotisol, zuciya ta ƙara bugu, jini ya hau, sukari ya ƙaru a jini, narkar da abinci ta dakata. Wannan shiri ne na gudu ko na kokawa, kuma mai amfani ne in abin zai wuce. Ɓarnar tana zuwa ne in shirin ya ƙi sauka wata da watanni: rashin barci, ciwon kai da na wuya, mantuwa, saurin fushi, hawan jini, daga baya baƙin ciki mai kwantar da mutum. Saboda haka girman barazana kaɗai bai isa ma'auni ba. Sai an tambaya ko tana da ranar ƙarewa, kuma ko mutum na da abin yi a kanta.

Robert Karasek, masanin zamantakewa ɗan Amurka, ya nuna a 1979 cewa aikin da ya fi lahani shi ne wanda ake neman abu da yawa daga ma'aikaci amma ba a bar masa ta cewa ba. Binciken Whitehall na Ingila, wanda aka fara a 1967 kan ma'aikatan gwamnati maza wajen 18,000, ya zo da abin da ya ba mutane mamaki: ƙananan ma'aikata irin su masinja sun ninka manyan jami'ai kusan sau uku a yawan mutuwa cikin lokacin binciken, alhali kowa na zaton babban da ke ɗauke da nauyin hukunci shi zuciya za ta fara kayarwa. Zagaye na biyu, wanda Michael Marmot ya jagoranta daga 1985, ya danganta wani ɓangare na bambancin da rashin iko a kan aikin da mutum ke yi. Landan ba Filinge ba ce, amma ma'aunin ya hau kanmu daidai.

Manomi ba shi da iko da sama, amma ƙasa tasa ce. Shi zai zaɓi ranar shuka, ya zaɓi iri mai saurin nuna ko mai jinkiri, ya sa wake a tsakanin hatsi, ya sayar da akuya in ta kama, ya tura babban ɗansa bida Lagos ko Kwatano in ya ga shekarar ba ta da alama. In yana da fili a fadama wajen Bonkuku, dankalin rani na jiransa. Fargabarsa tana da inda za ta fita: ta hannu, ta gumi. Malami kuwa ba shi ya zaɓi ƙauyen ba, ba shi ya tsara darasi ba, bai san ranar biya ba, bai san shekarar da za a mai da shi cikakken ma'aikaci ba. Duk abin da ke hana shi barci a teburin wani yake, kuma iyakar abin da zai iya shi ne jira.

Akwai kuma maganar wanda ake ɗora wa laifi, wadda a ganina ta fi ta iko nauyi a wurinmu. In damina ta ƙi, gari duka ta ƙi wa. A fita roƙon ruwa tare, a yi wa juna jaje a ƙofar masallaci, ba mai jin kunyar cewa gonarsa ba ta yi ba, domin hukuncin Allah ne. In yara sun faɗi jarrabawa, Mushe ne bai iya ba. In bashi ya yi masa katutu, almubazzari ne. Ga shi sau da yawa baƙo ne a garin, matarsa da ƴaƴansa suna Filinge ko Yamai, ba shi da sa'an da zai buɗe wa ciki, kuma girman da ake ba malami shi kansa ya hana shi kuka a gaban iyayen yara. Wani masani na Jami'ar Dusaldof a Jamus, Johannes Siegrist, ya bayyana a 1996 cewa ƙoƙarin da ba a saka masa daidai ba, da kuɗi ko da yabo ko da tabbacin gobe, yana cin lafiya. Manomi a shekara mai albarka yana ƙirga dammansa da idonsa. Malami sai ya shekara goma kafin wani saurayi ya tare shi a tasha ya ce, "Mushe, kai ka koya mini karatu."

Wahalar gona kuma tana da kaka. Ko an samu ko ba a samu ba, a Oktoba lissafi ya rufe, jiki ya sauka, a shiga bukukuwa da kokawa. Malami na da dogon hutu, gaskiya ne, amma damuwarsa ta wata-wata ce, ba ta san hutu ba.

Ƙasar Kurfai ta taɓa ganin abin da ke faruwa in aka ƙwace wa manomi ikonsa. A 1925, lokacin da harajin Faransawa da aikin dole suka yi tsanani, wata mata mai suna Shibo a Shikal ta fito da sababbin iskoki da ake kira Babule ko Hauka, masu kwaikwayon sojoji da kwamandojin Nasara. Matasa suka bi ta, suka ƙi sarki, suka ƙi haraji, har aka kama su aka kai Yamai aka ɗaure. Masanin tarihi Finn Fuglestad ya karanta lamarin a matsayin tawaye. Ban ce likita zai karanta shi haka ba, amma abin lura ne cewa mutanen da suka saba da fari da yunwa tun kaka da kakanni, aikin da aka tilasta musu ba da shawararsu ba ne ya fitar da su daga hayyacinsu.

Kada dai a ɗauka ina yi wa gona kirari. Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun ƙiyasta cewa a 2016 mutum 745,000 ne suka mutu da shanyewar ɓarin jiki ko ciwon zuciya saboda aikin awa 55 ko fiye a mako, kuma mai noma cikin Agusta yakan wuce awa 55 ɗin. Tiramol da ya yaɗu tsakanin ƴan ƙwadago da ƴan kabu-kabu shaida ce cewa jiki na neman hutun da ba a ba shi ba. Ƙwayar tana ɓoye gajiya, sannan ta kama mutum, wani har da farfaɗiya. Sannan duk ikon da na lissafa na maigida ne. Matar da aka bari da yara da tsofaffi da rumbun da aka auna mata, tana jiran aike daga Kurmi wanda ba ta san ranar zuwansa ba, halinta ya fi kusa da na ɗan kwantiragi.

Shekarun nan ma tazarar tana rufewa, ta mummunar hanya. Tun 2017 aka sa dokar ta-ɓaci a wasu gundumomin jihar Tilaberi, har da Abala. A Janairun 2020 aka hana hawan babur, wanda shi ne ƙafar malami da ta mai kai kaya kasuwa. Ranar 15 ga Maris 2021 aka kashe aƙalla mutum 58 a yankin Banibangu, cikinsu har da masu komowa daga kasuwa. Zuwa 2023 makarantu wajen 900 ne a rufe a jihar. Malamin da ke koyar da boko ya san ana iya nemansa da suna. Manomin da gonarsa ke nesa da gari ya fara lissafin ko shuka ta cancanci kasadar, mai shanu na kwana da kunne ɗaya. Wannan fargabar ba ta da kaka, kuma ba wanda hauyarsa za ta yi masa maganinta.

Wajen magani, manomi ya gaji nasa: gayya, aron iri, zumunci, jam'i sau biyar inda ake ganin fuskar kowa a san wanda ya rame. Malamai su ma sun ƙirƙiro nasu, adashe tsakanin abokan aiki da fadar shayi bayan la'asar. Fada na rage zafi ƙwarai, sai dai shayi mai kauri bayan isha'i yana ƙara kashe barcin da dama ya yi ƙaranci. Tafiyar ƙafa da yamma, kwanciya a kan lokaci, da auna jini a gidan likita duk sa'ad da aka shigo Filinge, abubuwa ne masu arha da ke aiki. Wanda ya kai ga daina jin daɗin komai, ko yake jin gara ya mutu, wannan ciwo ne da ake magani, kuma bai kamata tsoron a ce an kai shi Pavillon E na babban asibitin Yamai ya hana shi gaya wa likita ba.

Duk da haka, nasihar haƙuri da motsa jiki ta fi dacewa da wanda matsalarsa daga sama take. Ta malami mutane ne suka haɗa ta, kuma ana iya kwance ta da alƙalami. Dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 ta ambaci matsin aiki cikin sababbin haɗurran lafiya, ta ɗora wa mai ba da aiki nauyin faɗakar da ma'aikatansa da tallafa musu. Gwamnatin da ta rubuta wa kamfanoni wannan ita ce babbar mai ba da aiki a Kurfai. Tsayayyar ranar biya da ba ta motsi, sanannen adadin shekarun da ɗan kwantiragi zai yi kafin a tabbatar da shi, ƙa'idar da ta ce wanda ya yi shekara kaza a ƙauye mai haɗari yana da haƙƙin a matso da shi kusa da iyalinsa: ba ɗaya daga ciki da ke buƙatar ƙarin milimita ɗaya na ruwa. Ko daraktan makaranta, da ba shi da ko dala a hannu, zai iya zama da malamansa su raba azuzuwa da shawara, ya kuma bar wanda uwarsa ke kwance ya tafi ranar Alhamis ba tare da ya rubuta shi a cikin waɗanda suka yi fashi ba.