Gaskiya ko Jita-jita: Ƙurar Arlit, Madara da Ƙarar Nakiya

Tun da kamfanin COMINAK ya rufe ramin yuraniyom na Akouta ranar 31 ga Maris 2021, akwai masu cewa shi ke nan, iskar garin Akokan da ke kusa da Arlit ta huta. Jita-jita ce, kuma mai haɗari. Daga 1978 zuwa ranar rufewa, an tara tarkacen dutsen da aka tace kimanin tan miliyan 20 a fili, ba nisa da gidajen jama'a. Tacewa yuraniyom take cirewa, ta bar radiyom a cikin tarkacen, shi kuwa sai ya shekara 1,600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. Daga jikinsa iskar radon ke fitowa, ba wari, ba launi, mutum na shaƙa bai sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa radon a sahun gaba wajen haddasa kansar huhu, bayan taba, kuma mai shan taba ya fi kowa shiga haɗarinta. An fara binne tsibin tarkacen da yumɓu da duwatsu, amma aiki ne na shekaru.

Masu cewa abin ya tsaya a bakin rami su ma ba su faɗi daidai ba. A watan Nuwamba 2009 ƙungiyar Greenpeace, da taimakon cibiyar CRIIRAD ta Faransa, ta auna titunan Akokan, ta tarar da wuraren da tururin nukiliya ya kai kusan ninki 500 na yadda ya kamata, saboda an yi ciko da duwatsun ma'adinan. Ƙungiyar Aghir In'Man ta Arlit ta daɗe tana kuka kan tsofaffin ƙarafan kamfani da ke zuwa kasuwa: bututu, ganga, farantin ƙarfe. Maƙeri ya saya ya ƙera ƙofa ko tukunya, uwargida ta ɗora a murhu, babu wanda ya sa musu na'urar awo. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Sai batun madara. Lebura ya tashi aiki, hanci da gemu duk fari, ya kurɓi nono ya ce ya wanke ƙirji. Nono abinci ne mai kyau, amma ciki yake zuwa. Ƙura kuwa huhu ta nufa, hanyarsu ba ɗaya ba ce. Ƙurar dutse idan ta yi wa huhu tabo, tabon ba ya gogewa. Amawalin rawani yana tare yashi, sai dai ƙananan ƙwayoyin da ido ba ya gani suna ratsa shi, radon kuwa ko a jikinta.

To, kowane tari a Arlit yuraniyom ne? A'a. Akwai ƙurar hunturu, hayaƙin itace da gawayi a madafa, akwai kuma tarin fuka, wanda ake warkewa da maganin wata 6. Wanda ya yi mako biyu yana tari ya je a gwada majinarsa, kada ya zauna yana cewa ciwon kamfani ne.

"Kunnena ya saba," in ji mai aiki kusa da injin niƙa dutse ko wurin fasa nakiya. Ba sabo ba ne, kurumta ce ta fara. Ƙarar da ta wuce desibel 85 tsawon awa 8 kullum tana kashe ƙwayoyin ji na cikin kunne, ba su kuma sake tsirowa. Hayaniyar dare ma, irin ta janareta da manyan motoci, tana katse barci, tana taimaka wa hawan jini.

A Imouraren, kimanin kilomita 80 kudu da Arlit, har yanzu ba a fara fitar da yuraniyom ba: Areva ta sami lasisi a 2009, aiki ya tsaya a 2014, gwamnatin Nijar ta karɓe lasisin daga hannun Orano, wato sabon sunan Areva, a watan Yuni 2024. Ko wa zai gaji wurin, a auna iska da ruwan rijiyoyin makiyaya tun kafin a koma haƙa, a gwada huhu da kunnen kowane ma'aikaci ranar da aka ɗauke shi, a kuma karanta sakamakon a rediyo da Hausa da Tamashek.