Ƙasar Panshekara: Dutse, Yashi da Sawun Ƙanƙara

Wanda ya tsaya a bakin kogin Challawa ta wajen Panshekara a watan Maris, rairayi zai gani shimfiɗe, ruwan ya koma ɗan siriri a tsakiya, tifofi sun gangara har ciki, 'yan yashi na ta zuba shebur. In ya dawo a watan Agusta, inda tifa ta tsaya jan ruwa ne ke ta tumbatsa. Haka yanayin Kano yake: ruwan shekara, milimita 800 zuwa 900, kusan duk yana sauka ne tsakanin Mayu da Satumba, sauran watannin kuwa ƙasa da abin da ta ɓoye take rayuwa.

Abin da take iya ɓoyewa kuma ba shi da yawa. Can ƙarƙashin Panshekara, Sharaɗa da Bompai akwai wani tsohon dutse mai tauri wanda ya haura shekara miliyan 500, kuma ba ya shan ruwa. Ruwa yana samun mazauni ne kawai a ruɓaɓɓen samansa da cikin tsaguwarsa. Shi ya sa za ka ga maƙwabta biyu sun haƙa rijiyar burtsatse, ta wannan tana ambaliya, ta wancan kuwa masu haƙa sun ce "mun kai dutse" sun naɗe kayansu. In aka nausa gabas, wajen Gumel da Haɗejiya, dutsen yakan nutse ƙarƙashin yashi da laka na kwarin Tafkin Chadi, ruwan ƙasa ya fi samuwa. Birnin Kano bai samu wannan rabo ba, dole ya dogara da kogi. Matatar ruwan famfo ta farko a Panshekara aka gina ta, a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Daga baya aka yi madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a Ƙaraye a 1992.

A saman dutsen akwai marmara, wadda zafi da ruwan sama suka dafa cikin dubban shekaru har ƙarfen da ke ciki ya yi tsatsa ya daskare. Ita ce hular da ta kare Dala da Gwauron Dutse daga zaizayewa, kuma tamar da ke cikinta ce ta zaunar da maƙera a gindin Dala tun ƙarni na 7.

Amma ƙasar sama, wannan mai laushi da fartanya ke shiga ba gardama, labarinta ya fi ban mamaki, don yana da nasaba da wurin da galibinmu ba za mu taɓa takawa ba. A ƙuryar arewacin duniya, yankin da ake kira Arktik, akwai teku mai daskarewa, akwai tsibirin Girinlan da ƙanƙarar tsakiyarsa ta kai kaurin kilomita 3. Kimanin shekara 20,000 da suka wuce, irin wannan ƙanƙara ta bazu ta rufe kusan dukan Kanada da arewacin Turai. Ruwan da ta kulle ya sa teku ya ja da baya da kusan mita 120, duniya ta yi sanyi, iskar damina da ke taso mana daga tekun Atilantika ta raunana. Sai Sahara ta miƙo ƙafa kudu da ɗaruruwan kilomita. Tafkin Chadi ya ƙafe, iska ta tara tuddan rairayi har gabashin Kano, ta kuma yayyafa lallausar ƙasa a kan filayen da ke kewaye da birnin. Waɗannan tuddai su ne jigayin da ake noman gero da gyaɗa a kansu yau, su ne kuma suka ba jihar Jigawa sunanta. Wani masanin ƙasa Bature, A. T. Grove, ya yi rubutu a kansu a 1958. Ni dai ban taɓa tafiya hanyar Haɗejiya na ga waɗannan tuddai a jere, duk sun fuskanci gefe guda, ban tuna cewa iskar zamanin ƙanƙara ce ta jera su ba.

Da ƙanƙarar ta narke, damina ta dawo da ƙarfi, Tafkin Chadi ya cika ya zama kamar teku wajen shekara 7,000 da suka wuce, sannan ya sake janyewa. Busasshen gindinsa a arewacin Chadi, kwarin Bodele, shi ne babban tushen ƙurar hunturu. Farin hazon da ke rufe Panshekara daga Disamba zuwa Fabrairu, ya fasa leɓe, ya tsaga dunduniya, ya hana jirage sauka, yana ɗauke da garin ƙwanson wasu ƙananan halittun ruwa da suka rayu a wancan tafki. Sanyin asubar lokacin kan sauko kusan digiri 12, mu kuwa mu yi ta jin wuta.

A wannan lokaci ne raunin kogin Challawa ke bayyana. Unguwannin masana'antu na Challawa da Sharaɗa, inda ake jimar fatu da yawa, magudanansu kogin Challawa suke nufa, na Bompai kuma su bi Getsi zuwa Jakara. Da damina ruwa mai yawa yakan tsarma dagwalon; da rani babu abin tsarmawa. Yashin gindin kogi, wanda yake tace ruwa yana kuma ajiye shi, tifofi na kwashe shi kullum. Abin yana damuna ƙwarai, domin a daidai waɗannan watanni ne masu noman rani ke jan ruwan zuwa fadamunsu na latas, albasa da tumatir, ragowar kuma ya haɗu da kogin Kano wajen Tamburawa, ya wuce Wudil, ya nufi Haɗejiya.