Bakin Mace a Gaban Alƙali

'Yan'uwana mata, a nan Mashi in an gama tuwon dare, za ku ji yarinya 'yar shekara 7 tana jero tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi tun daga farko har ƙurunƙus, ba ta tsallake ko gaɓa ɗaya. In an kai ƙara gaban Zaki, ta san abin da kowa ya faɗa, ta san yadda Dila ya kuɓuta da bakinsa. To, ina wannan baki ya kan tafi ran da ta girma aka kira ta gaban alƙali? Sai ta ja mayafi, ta sunkuyar da kai, kome aka ce ta ce i. Mu mun ce kunya ce. Alƙali kuwa abin da kunnensa ya ji shi za a rubuta.

Ku tuna da Amina Lawal, mutuniyar Kurami. Bazawara ce ta haihu. A watan Maris 2002 kotun Shari'a ta Bakori ta yanke mata hukuncin jifa, ba ta da lauya, an ce ta amsa laifi da bakinta. Wanda ta ambata ya yi rantsuwa aka sallame shi. Aka ɗaukaka ƙara Funtuwa, a watan Agusta aka tabbatar da hukuncin. Sai ran 25 ga Satumba 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina ta wanke ta, alƙalai 4 cikin 5 suka yarda.

Dalilan nan su na ke so 'yan makaranta su karanta wa iyayensu mata. Kotun ta ce wanda ya yi iƙirari yana da ikon janye shi. Ta ce alƙalin Bakori ya zauna shi kaɗai, alhali doka ta ce ya zauna da mutum biyu. Sa'an nan ga maganar kwantacce, watau cikin da ya kwanta ya daɗe bai motsa ba, wanda malaman Malikiyya suka ce yana iya kai shekara 5, a jingina ɗan ga tsohon miji.

Kwantacce fa! Wace tsohuwa ce a Mashi ba ta da labarinsa? Mun sha jinsa a bakin murhu da ɗakin mai jego, muna tsammani hirar mata ce kawai. Ashe yana cikin littattafan alƙalai, har lauyoyi suka tsaya a kansa a Katsina. Wata 18 Amina ta yi tana goyon 'yarta da hukuncin nan a kanta.